Shafi Na Ashirin Da Uku, Shekara Tara Bayan Barista Rabe

An kore ni daga aikin gwamnati a kan takarda ɗaya da ban ɓatar ba, kuma mutumin da takardar ta ɓace a ofishinsa shi ne ya sa hannu a kan korata. Wannan shi ne abin da aka yi mani. Abin da aka yi wa Barista Rabe ya fi nawa muni, don shi yana cikin kabari aka ɗora mashi laifi, ba shi da bakin cewa ƙarya ne. Watan nan ya cika shekara tara da rasuwa. Duk shekara in lokacin ya zagayo sai in ce zan rubuta, sai in fasa, don ni ba mai ilimi ba ne. Bana na duba na ga masu digirin da suka zauna ofis ɗaya da shi duk sun yi gum. Na ce to, bari masinja ya rubuta.

Sunana Iro. Shekara goma sha bakwai ina masinja a ofishin shiyya na wata ma'aikata a Dutsin-Ma. Ba zan faɗi sunanta ba, don har yanzu akwai mutanen kirki da ke ciyar da iyali daga can. Ni da Rabe ƙauyenmu ɗaya a ƙasar Wurma, ta wajen Kurfi, kuma gaban mahaifinsa muka yi karatun allo tare. Boko kuwa aji biyar na tsaya, shi ya wuce har ya zama lauya. A ƙauye Rabe nake ce mashi. A ofis Barista, ko da mu biyu ne.

Mutane da yawa ba su san mi lauya ke yi a cikin ma'aikata ba. Ni ma da aka turo mana shi daga Katsina na ɗauka kullum kotu zai riƙa zuwa da baƙar riga da farar hular nan ta gashi. Na tambaye shi ina rigar. Ya ce, "Iro, ranar da ka gan ni da ita saboda ma'aikatar nan, to na riga na kasa aikina. Ni aikina kada a kai can."

A hankali na gane. Duk fayil da ya shafi fili, ko kwangila, ko horon ma'aikaci, sai ya bi ta teburinsa kafin Darakta ya yanke. Shi zai rubuta abin da doka ta yarda da abin da ba ta yarda ba. Ba ya ba da umarni. Ba shi da ikon hana kowa komai, ko direba ba ya ƙarƙashinsa. Ikonsa duka shafi ɗaya ne a cikin fayil. Darakta yana iya bin shawarar, yana iya ƙin bi. Amma in zai ƙi, dole ya ƙi da shafin a gabansa, yadda gobe ba zai ce ba a faɗa mashi ba. Saboda haka ba a son shi sosai. In ya shigo ɗakin taro sai ka ji an rage dariya. A bayan idonsa "Malam Ba-ta-yiwuwa" ake ce mashi, ya sani, bai damu ba.

Yana da wata ɗabi'a da ban taɓa gani wurin kowa ba. In ya gama rubuta shawara da Turanci, ba zai miƙo mani fayil ba sai ya ce in zauna. Sai ya juya mani ita da Hausa, layi bayan layi, sannan ya ce in maimaita mashi abin da na gane. In na yi tuntuɓe wani wuri, sai ya soke wurin ya sake rubutawa. Da farko na ɗauka wasa yake da ni. Na ce, "Barista, jarrabawa za ka ba ni da furfurata?" Ya ce, "In kai da aji biyar ka gane, Darakta da digiri biyu ba zai ce bai gane ba." Madam Rifkatu, mai buga mana takardu, in ta ji mun fara sai ta leƙo ta ce, "An buɗe makarantar yaƙi da jahilci ke nan." Mu yi dariya. Shekara shida muna haka. Ban san wata rana kaina ne kawai zai zama wurin ajiyar maganarsa ba.

Abin ya faro ne da fili. Ma'aikata ta so ta kewaye wani fili kusa da ƙauyenmu da waya mai ƙaya, za ta yi wurin gwajin iri. Darakta yana gaggawa, yana son a gama kafin damina, don manya za su zo daga Katsina su gani. Matsalar ita ce burtali ya ratsa ta tsakiyar filin, hanyar da shanu ke bi zuwa mashaya tun kafin a haife mu.

Da fayil ɗin ya zo hannun Barista bai tsaya kan taswira kawai ba. Ranar Asabar ya hau motar Kurfi, ya sauka, ya hau mashin zuwa ƙauye. Ya nemi Ardo, shugaban Fulanin rugar da ke gabas da mu, suka bi burtalin su biyu tun daga tsamiyar bakin hanya har mashaya. Mutane suna gona suka hango shi, ya naɗe wando, yana ƙirga taku, yana rubutawa. Babu wanda ya tambaye shi, shi ma bai yi wa kowa bayani ba, don ba ya maganar fayil a waje, ko da yayansa ne. Wannan kamun bakin nasa shi ne daga baya ya zame mashi tuhuma.

Ranar Litinin ya rubuta shawarar. Shafi ɗaya ce. Ya juya mani ita da Hausa, na maimaita, na yi kuskure a wurin taku, ya sa na sake. Sau uku. Ni na huda takardar, na zura ta a igiyar fayil, na rubuta mata lamba da jan biro a kusurwar sama: ashirin da uku. Lamba ba ta buƙatar Turanci.

Masinja yana da littafi. Duk fayil da ka kai, wanda ya karɓa sai ya sa hannu da kwanan wata. Wannan littafin shi ne garkuwarka. Zan fita Madam Rifkatu ta ce, "Iro, wannan fayil da zafi. Ka tabbata Oga ya sa hannu fa." Na ce mata ba yau na fara ba.

Na tarar da Darakta ya fito daga banɗakinsa, ya gama alwalar azahar, hannun riga a naɗe, ruwa na ɗiga daga gemunsa. Na durƙusa na gaishe shi, na miƙa fayil da littafi. Ya buɗe fayil ɗin da bayan yatsa, ya dubi shafin sama. Na ga idonsa yana tafiya har ƙasa. Sannan ya ce, "Ajiye nan. Hannuna da ruwa, in na dawo masallaci na sa maka."

Nan na yi kuskuren da ya ci rayuwata. Da ɗan kwangila ne ko wani akawu, da na tsaya har hannun ya bushe. Amma babba ne, da alwala, ana kiran salla. Yaya zan tsaya kan mutum in ce ban yarda da shi ba, alhali ya nufi masallaci? Ba haka aka rene mu ba. Na ce, "To, ranka ya daɗe." Na ajiye na tafi. Da la'asar na koma, aka ce ya wuce Katsina. Washegari na koma, ya ɗaga mani hannu yana waya. Rana ta uku na ji kunyar komawa. Layin ya zauna fanko a littafina. Ban faɗa wa Barista ba, don na san abin da zai ce, kuma ban so in ji.

Bayan sati uku Barista ya faɗi a ofis. Hawan jini. Kwana huɗu a asibiti, Allah ya karɓi abinsa. Muka kai shi ƙauye, aka yi mashi salla, sahu har bayan masallacin mahaifinsa. Ardo ya zo da mutanensa. Darakta ma ya zo, ya yi jawabi, ya ce ma'aikata ta yi rashin ginshiƙi. Ba a yi arba'in ba aka kafa waya.

Abin da ya biyo baya kowa a ƙasar Kurfi da ya kai shekarun hankali ya ji shi. Shanu ba su fasa jin ƙishirwa don an kafa waya ba. Da damina aka yi ta haƙuri da kewaye. Da kaka ta zo, dawa ta yi kai, garke ya ratsa ta gonar wani bawan Allah. Aka yi faɗa. Manomin ya mutu, ya bar 'ya'ya biyar. Ɗan Ardo ya rasa hannun dama. Mutanen da suka shekara ɗari suna musayar nono da hatsi suka daina gaisawa.

Aka turo kwamitin bincike daga Katsina, mutum uku. Aka kawo fayil daga ofishin Darakta, inda yake tun ranar da na ajiye shi. Aka buɗe. Ashirin da biyu, sai ashirin da huɗu. Ban ga lokacin da aka cire shi ba, ba zan ce na gani ba. Amma na san inda na ajiye, na san kuma wanda ya karanta a gabana.

Darakta ya ce shi bai taɓa ganin wata rubutacciyar shawara ba. Ya ce marigayi ya je ya auna wurin da kansa, ya dawo ya ce mashi da baki babu matsala, a ci gaba. Ya ce in akwai shafi, to a hannun masinja ya ɓace, kuma ba mamaki amincewa ce a ciki. Aka ce in kawo littafina. Na kawo. Layi fanko.

Na ce masu ni na san abin da ke cikin shafin, zan iya faɗa daga farko har ƙarshe. Shugaban kwamitin ya sauke tabarau ya dube ni. Ya jawo wata takarda ya miƙo mani, ya ce, "Karanta mana wannan." Turanci ne. Na tsaya ina kallonta. Ya ce, "Malam, ba ka iya karanta wadda ke hannunka ba, za ka karanta mana wadda babu?" Suka yi dariya, har da Darakta. Na dubi Madam Rifkatu, ta sunkuyar da kai. Da muka fito ta tare ni bayan ofis tana hawaye, ta ce, "Iro, ni baƙuwa ce a garin nan, ga yara huɗu. Ka yafe mani." Na yafe mata tun ranar. Ita kaɗai ce ma ta nema.

Aka kore ni saboda sakaci da takardun gwamnati. Rahoto ya ce an yi aikin bisa shawarar lauyan ma'aikata. Wannan maganar ta riga ni isa ƙauye. Mutane suka haɗa ta da abin da idonsu ya gani: ai mun gan shi yana aunawa. Ɗan malam guda, ya sayar da burtali ya mutu ya bar mu da jini. Yayansa Malam Sada, wanda ya gaji makarantar mahaifinsu, ya ga almajiransa na ruga an janye su ɗaya bayan ɗaya. Ardo bai sake taka ƙofar gidan ba. Na faɗa wa Malam Sada gaskiya, ya ce, "Na yarda da kai, Iro. Amma kai abokinsa ne, kuma korarre. Wa zai ji?" Gaskiya ya faɗa. Na je rugar sau biyu, ba a ba ni tabarma ba.

Yanzu gadi nake a wata makaranta mai zaman kanta a Dutsin-Ma. Ina zaune bakin ƙofa ina ganin mutanen ƙauyuka suna shigowa gari da katifa a ka, sun baro gonakinsu saboda tsoro. Ban ce waya ɗaya ta kawo wannan bala'in ba, ni ba mahaukaci ba ne, abin ya fi ƙarfin ƙauyenmu. Amma na kan tambayi kaina shafi nawa irin na ashirin da uku aka cire a ofisoshi nawa. Wurin gwajin irin ma bai yi shekara uku ba aka watsar da shi. An sace wayar, an bar turaku. Shanu sun koma bin hanyarsu, sai dai mutanen ne ba su koma ba.

Da Barista zai dawo yau, ban san mi zai ce ba. An ce mani yanzu ma'aikatar tana da lauyoyi biyu, matasa masu kwamfuta. Wani tsohon abokin aikina ya ce umarni da yawa ta waya ake ba da shi, babu fayil, babu lamba, babu masinja, ballantana littafi. Ya ce wani lokaci sai an gama aiki ake kiran lauya ya zo ya gyara takarda ta dace da abin da aka riga aka yi. Ban sani ba ko haka ne ko'ina. In haka ne, to an mai da likita mai wankan gawa. Ina jin Rabe zai tambaye su abu ɗaya: wa kuke karanta wa kafin ku aika? Wa zai tuna in an goge?

Ba zan ce waliyyi ba ne. Yana da taurin kai, kuma shirunsa ya cuce shi. Da ya tsaya bakin gona ya ce wa mutane, ku kwantar da hankalinku, aunawa nake don in kare maku, da ba a zage shi shekara tara ba. Ya yarda da fayil fiye da yadda fayil ya cancanta. Bai bar gida a gari ba, bai bar mota ba, ko hotonsa babu a bangon ofishin. Abin da ya rage nashi a duniya, ban da 'ya'yansa, shi ne shafi ɗaya da ya zuba a kan mutumin da bai iya Turanci ba. Na riƙe shi kamar yadda muka riƙe karatu gaban mahaifinsa. In ina zaune bakin ƙofa na kan maimaita, don kada wata kalma ta zube.

Watan jiya aka kira taron sulhu tsakanin manoma da makiyaya a filin makarantar ƙauyenmu. Na tambayi wanda aka naɗa shugaban kwamitin sulhun. Darakta ne. Ya yi ritaya, ya zama dattijon ƙasa. Na roƙi abokin gadina ya riƙe mani ƙofa, na hau mota.

An cika. Manoma gefe, Fulani gefe, fili a tsakani. Ardo ya tsufa, yana dogara sanda, ɗansa na bayansa da hannun riga ɗaya a lanƙwashe. Malam Sada yana can ƙarshen tabarma shi kaɗai. Darakta ya yi magana mai daɗi a kan haƙuri da zaman tare. Har ya ce kurakuran baya na waɗanda suka riga mu gidan gaskiya ne, a yafe masu. Na ga Malam Sada ya runtse ido.

Da aka kira azahar aka kawo butoci. Na bari ya gama alwala, ya miƙe, sannan na je gabansa na yi sallama. Ya dube ni, ya gane ni, ya yi murmushi ya miƙo hannu.

"A'a, Iro masinja! Kana nan da ranka?"

"Ina nan, ranka ya daɗe. Bari hannun ya bushe tukuna."

Murmushin ya tsaya. Mutane suka fara juyowa. Na ɗaga murya yadda gefe biyun za su ji, na ce ga saƙon da Barista Rabe ya ba ni in kai wa wannan mutumin shekara tara da suka wuce, na karanto shi da ka, babu takarda:

"Ranka ya daɗe, na je wurin da ƙafata. Burtali ya ratsa filin daga tsamiyar bakin hanya zuwa mashaya. Yana cikin tsohuwar taswira, doka ta ware shi. Ardo ya tone mani dutsen iyaka da ƙasa ta binne a gindin kalgo, ya ce kakansa ne ya riƙe igiyar awo ranar da aka kafa shi. Ma'aikata ba ta da ikon rufe wannan hanya. In aka rufe, shanu ba za su fasa shan ruwa ba, ta gonakin mutane za su bi. Shawarata a ja wayar baya taku arba'in. In ba a yi haka ba, ban yarda ba, kuma a bar wannan shafi shaida cewa ban yarda ba."

Darakta ya ce, "Jama'a, wannan bawan Allah ko Turanci bai iya ba. An kore shi ne saboda..."

Ardo ya katse shi, bai ko ɗaga murya ba. Ya ce, "Maganar kakana da igiya, mutum ɗaya na taɓa faɗa wa a duniya. Mu biyu ne gindin kalgon." Ya dogara sandarsa, ya ratsa filin nan da ke tsakani a hankali, kowa na kallo, har ƙarshen tabarma. Ya miƙa wa Malam Sada hannu biyu, ya ce, "Malam, ya haƙuri?" Gaisuwar da ya janye shekara tara ke nan ya mayar. Malam Sada ya miƙe ya karɓi hannun.

Darakta ya gyara babbar riga, ya matso kusa da ni, ya rage murya. Ya ce, "Malam Iro, lokacin salla na wucewa. Ka same ni gida mu yi magana, za a duba lamarinka."

Tambaya ɗaya na yi mashi, bai ba ni amsarta ba har yau da nake rubutun nan. Amma na tambaya, kuma gaban mutane. Na ce:

"Alhaji, da salla ka wuce ni wancan karon. Ba na son aikina, ba na son zuwa gidanka. Ga yayan Barista, ga Ardo, ga 'ya'yan wanda aka kashe. Hannunka ya bushe yanzu. Ka karɓi fayil ɗin ko ba ka karɓa ba? Wancan karon ka ce in ajiye, na ajiye na tafi. Yau ba inda za ni."